Yardar Mai Jin Yunwa: Ladan Lebura a Ginin Jami'a

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau, da zarar ya wuce Dutsen Kwatarkwashi ya matso gari, zai yi arba da harabar Jami'ar Tarayya ta Gusau a bakin hanya. An kafa wannan jami'a a shekarar 2013, tare da 'yan'uwanta biyu na Birnin Kebbi da Gashuwa, kuma tun daga wancan lokaci ake ta ƙara mata azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshi. Haka abin yake a Talatar Mafara, inda gwamnatin jiha ta kafa tata jami'ar a 2018, da kuma Ƙaura Namoda, inda Kwalejin Fasaha ta Tarayya take tun 1983. Mu malaman sakandare muna cikin waɗanda suka fi kowa farin ciki da waɗannan gine-gine, domin can muke fatan ɗalibanmu za su dosa in sun bar hannunmu.

To amma fa kowane gini da ya miƙe, akwai hannuwan da suka miƙar da shi. A bakin kowane aikin gwamnati akan kafa wani babban allo, a rubuta sunan aikin, da hukumar da ta ba da kuɗi, da ɗan kwangila, da masu zane, da injiniyoyin da ke dubawa. Abin da ba a rubutawa shi ne nawa ake biyan mutumin da ke ɗaukar kwanon sarki cike da kankare, ya hau tsani da shi tun daga hantsi har la'asar. Tambayar da wannan maƙala ke son ta tattauna ita ce: idan hukuma ta ba da kwangilar ginin jami'a da kuɗin jama'a, shin wajibi ne a kanta ta ƙayyade ladan da ba za a biya birkila da kafinta da lebura ƙasa da shi ba, ko kuwa sai ta ɗauke kai, ta bar ɗan kwangila da lebura su daidaita a tsakaninsu? Ba wata jami'a ko wani ɗan kwangila muke nunawa da yatsa ba, domin al'adar ta game ƙasa. Ra'ayinmu shi ne wajibi ne, kuma za mu kawo dalilanmu, sannan mu saurari na masu ganin saɓanin haka.

Yadda Kuɗin Ke Gangarowa

Kafin a shiga hukunci, yana da kyau mai karatu ya san hanyar da kuɗi ke bi kafin su iso tafin hannun lebura. Yawancin manyan gine-ginen jami'o'in gwamnati a ƙasar nan daga asusun TETFund kuɗinsu ke fitowa. Asalin wannan asusu kuwa yajin aikin da ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta yi ne a 1992, lokacin da Attahiru Jega ke shugabantarta. Daga yarjejeniyar da ta biyo baya aka yi doka a 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni harajin kashi 2 cikin 100 na ribarsu domin ilimi, sannan a 2011 aka mayar da asusun na manyan makarantu kaɗai. Wato ke nan, kuɗin da ake waɗannan gine-gine da su, gwagwarmayar ma'aikata ce ta haife su. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Dokar ba da kwangila ta 2007 ta ce a yi talla, 'yan kwangila su kawo farashinsu, a ba wanda ya cika sharuɗɗa kuma kuɗinsa suka fi sauƙi. Manufar dokar mai kyau ce, wato a toshe ƙofar son kai da almubazzaranci. Sai dai mu tambayi kanmu, wanda ya karya farashi don ya ci kwangila, a ina zai mayar da gurbin abin da ya rage? Siminti kamfani ne ke yanka masa kuɗi. Rodi da katako da kwanon rufi suna da farashinsu a kasuwa, kuma injiniya zai zo ya auna. Ribarsa kuwa ba zai taɓa ta ba, don ita ta fito da shi. Abu ɗaya da ke lanƙwasuwa in an taka shi, ba ya ƙara, shi ne ladan mai aiki.

Bugu da ƙari, ba kasafai wanda ya ci kwangila yake yin aikin da kansa ba. Yakan yanka shi gunduwa-gunduwa, ya ba wannan jingar ɗora bulo, wancan jingar filasta, wani ɗaurin rodi. Mai jinga shi ma ya nemi heluma, heluma ya fita da sassafe ya ɗebo leburori a bakin titi. A kowane mataki sai an tsakuri wani abu, har abin da zai iso ƙasa ya zama tamkar ruwan da ya bi ta dogon lambatu mai yoyo. Wannan shi Hausawa ke kira kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In kuma biya ya yi jinkiri daga sama, dokar 2007 ta tanadi cewa kuɗin ɗan kwangila da suka haura kwana 60 ba a biya ba za su jawo ƙari a kan hukuma. Lebura kuwa sai a ce masa, "Ka yi haƙuri, ba a sako kuɗi ba tukuna." Haka nan bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wasu garuruwa a farkon 2024. A irin wannan hali ɗan kwangila yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa ya nemi a sake duba farashi. Mai ɗaukar simintin a ka ba shi da ita, alhali tiyar masara ma ta tashi.

Wani zai ce, to ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi. Gaskiya ne akwai. An fara da naira 125 a 1981 zamanin Shagari, aka kai 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Amma dokar 2019 ta fitar da wasu daga cikin rigarta, ciki har da masu aikin jinga, da masu aikin ɗan lokaci, da duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Da an yanka kwangila zuwa ƙananan jinga, shi ke nan leburan gini ya zame ta cikin ramin doka. Wani kuma zai lissafa ya ce, in an raba 70,000 ga kwana 26, abin da zai fito bai wuce naira 2,700 a yini ba, lebura kuwa yakan sami fiye da haka. Wannan lissafin mai zama a ofis ne. Lebura ba ya samun aiki kwana 26 a wata. Ran da aka yi ruwa babu, ran da siminti ya yanke babu, ran da zazzaɓi ya kwantar da shi babu. Ba shi da fansho, ba shi da hutu, kuma ƙarfin da yake sayarwa ba ya kai shi tsufa.

"Ai Ya Yarda"

Babbar hujjar masu cewa hukuma ta tsame hannunta ba ta wuce kalmomi uku ba: ai ya yarda. Ba wanda ya ɗauro shi da igiya, an faɗa masa kuɗin yini, ya ce ya ji ya gani, to ina zalunci? Wannan hujja ba ta banza ba ce, domin yarda ita ce ginshiƙin kowane ciniki, kuma ba ma son duniyar da hukuma za ta riƙa tsoma baki a cinikin kowane mai tumatir. Amma ya kamata mu tsaya mu tantance mene ne yarda.

Mu ƙaddara mutum ya faɗa rijiya, sai ga wani da igiya a hannu, ya leƙa ya ce, "Zan fito da kai, amma gonarka ta zama tawa." Na cikin rijiya zai ce ya yarda, kuma da bakinsa zai faɗa. To akwai alƙalin da zai kira wannan ciniki? Babu, domin yardar da ake gina hukunci a kanta ita ce ta mutumin da yake da ikon ya ce a'a, ya juya ya tafi. Gwargwadon yadda wannan iko ya ragu, gwargwadon yadda nauyin adalci ke komawa kan wuyan mai ƙarfi. Shi ya sa malaman fiƙihu suka yi dogon bayani a kan cinikin wanda aka tilasta da na wanda ya matsu, ba su ce tunda baki ya furta shi ke nan ba.

A da, leburan gini a wannan yanki namu manomi ne da ya fito cin rani. Ya girbe gero da dawa, ya cika rumbu, sannan ya shigo Gusau ko Funtuwa ko Kaduna neman kuɗin sutura da na biki. In aka yi masa tayin wulaƙanci sai ya saɓa buhunsa ya koma gida, rumbunsa ne ke ba shi bakin magana. Yau kuwa kowa ya san halin da ƙauyukan ƙasar Tsafe da Bunguɗu da Gusau suka shiga fiye da shekara goma. 'Yan bindiga sun tashi garuruwa, sun kore shanu, sun hana noma sai an biya su, an sayar da gonaki don fansar 'yan'uwa. Mutumin da jiya yake da garma da shanun huɗa, yau yana kwance da iyalinsa a kangon wani, gari na wayewa ya ɗauki shebur ya tsaya a bakin titi. In mota ta tsaya ana neman mutum biyar, ashirin za su taso. A nan ba ɗan kwangila ke karya lada ba ma, su da kansu suke karya wa juna, kowa na tuna abin da ya baro a gida. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi, amma wannan magana ce ta mai haƙuri da ƙaddara, bai kamata ta zama hujjar mai biya ba.

A nan ne bambancin gwamnati da sauran masu gini yake fitowa fili. Tsarin mulkin 1999 ya ce tsaron jama'a da jin daɗinsu su ne maƙasudin farko na gwamnati, ya kuma ɗora mata ta tabbatar yanayin aiki ya zama na adalci da mutuntawa. To idan aka kasa tsare wa manomi gonarsa har ya koma lebura, sannan aka dawo aka sayi guminsa da araha saboda ya rasa gonar, an ci shi sau biyu ke nan. Arahar da ake murna da ita a takardar kwangila, wani ɓangarenta daga masifar ƙauye ta fito. Mai gina shago a unguwa zai iya cewa ba shi ya kawo rashin tsaro ba. Hukuma ba ta da wannan mafaka.

Tarihi ma ya gargaɗe mu. Lokacin da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗebo leburori, ko suna so ko ba sa so. Haka aka yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, sa'ad da aka kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos, abin da kakanninmu suka kira ɗiban gwamna. A wancan zamani ma cewa aka yi aikin ci gaba ne, kuma ana biyansu ɗan abin da ake biya. Yanzu duk mun yarda zalunci ne. Jiya dogari ke tsaye a bayan lebura, yau yunwa ce, ita kuwa ba ta buƙatar bulala.

Ladan Kwatankwaci

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tunani baƙo ne da aka yo aro daga Turai. A babin ijara na littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu, an sharɗanta cewa a san aikin, a san ladan, kafin a fara. In kuma yarjejeniyar ta ɓaci, alhali mutum ya riga ya yi aikin, sai a ba shi abin da malamai ke kira ujratul misli, wato ladan da aka saba ba irinsa a kan irin wannan aiki a wannan wuri. Ibn Taimiyya, a littafinsa na Hisba, ya tafi a kan cewa idan jama'a suka buƙaci aikin magina ko masaƙa ko manoma, shugaba na iya sa su yi, amma a kan ladan kwatankwaci, kada su tsauwala wa mutane, kada kuma mutane su tauye su. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan ginshiƙan mulki, ya lissafa kula da masu sana'a cikin ayyukan shugaba. Umurnin a gaggauta biyan ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba kuwa, ko yaran Islamiyya sun san shi.

Masu ja za su tuna mana cewa an roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashin kaya a Madina, bai yanka ba. Haka ne. Amma abin da muke magana a kai daban ne. Ba a ce hukuma ta shiga kasuwa ta yanka wa kowa farashi ba. Cewa aka yi, a aikinta na kanta, da kuɗin da aka ba ta amana, ta faɗi sharaɗinta. Yadda take da ikon ta ce rodi mai kauri kaza take so a ginshiƙi, haka take da ikon ta ce ba ta yarda a biya mai ɗaura rodin ƙasa da kaza ba.

Sai dai akwai wani tarko a nan da ya kamata a lura da shi. Idan aka ce a biya abin da aka saba biya a gari, alhali masifa ta riga ta karya farashin mutum a garin, to an ɗauki zalunci an buga masa hatimi ke nan. Ma'aunin kwatankwaci yana aiki ne a kasuwar da take lafiya. Saboda haka ba a bakin titi da asuba za a je neman ladan kwatankwaci ba. Za a neme shi ne a inda masu aiki suka yi magana da murya ɗaya: a farashin da ƙungiyoyin magina da kafintoci na gari suka tsayar wa 'ya'yansu, da kuma yarjejeniyar da ƙungiyar manyan kamfanonin gine-gine ta ƙasa ke ƙullawa lokaci-lokaci da ƙungiyar ma'aikatan gini. Sannan a auna abin da ya fito da kuɗin tiyar hatsi, a ga ko zai ciyar da gida.

Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

A Ingila, bayan binciken da majalisar dattawansu ta yi a kan yadda ƙananan 'yan kwangila ke tatsar ma'aikata, majalisar wakilai ta zartar da ƙuduri a 1891 cewa duk mai aikin gwamnati sai ya biya ladan da aka sani na ƙwararren ma'aikaci. Ƙudurin ya rayu, ana sabunta shi, har gwamnatin Margaret Thatcher ta soke shi a 1983. A Amurka kuwa, wani ɗan majalisa mai suna Robert Bacon ya ga an ba wani ɗan kwangila daga jihar Alabama ginin asibitin tsofaffin sojoji a mazaɓarsa da ke jihar Niyok, shi kuma ya kwaso ma'aikata masu araha daga can. Daga nan aka faro har aka sami dokar Davis da Bacon ta 1931, wadda ta wajabta biyan ladan da ya fi rinjaye a yankin da ake aikin, a kwangilolin gini na gwamnatin tarayya. Jihohi da dama suna da irin tasu, kuma har yau ana ja-in-ja a kai. Jihar Mishigan, alal misali, ta soke tata a 2018, ta kuma dawo da ita a 2023.

Abin da ya fi shafarmu shi ne yarjejeniya mai lamba 94 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1949, wadda Nijeriya ta amince da ita a watan Oktoba na 1960, watan da ta sami 'yancin kai. Yarjejeniyar ta ce kwangilar gwamnati ta ƙunshi sharaɗin cewa lada da sa'o'in aiki ba za su gaza abin da aka tsayar wa wannan sana'a a yankin ba, sharaɗin ya hau kan masu ƙananan jinga, a manna sanarwa a wurin aiki don ma'aikata su sani, a kuma riƙe kuɗin ɗan kwangilar da ya saɓa a biya masu haƙƙi. Ashe dai ba sabon abu muke roƙo ba, alkawari ne da ya haura shekara sittin. Ko da an rubuta irin wannan sharaɗi a wani shafi na kundin kwangila, muddin yana kulle a durowar ofis da Turancin lauyoyi, to ga lebura daidai yake da babu.

Hujjojin Masu Suka

Suka ta farko ita ce tsada. Za a ce kuɗin ilimi ba su da yawa, duk nairar da aka ƙara wa lebura an rage ta ne daga aji ko ɗakin karatu, 'ya'yan talakawa kuma su za su rasa gurbi. Mu yi lissafi na misali. Mu ƙaddara gini na naira miliyan 500, da leburori 60 za su yi kwana 200 a kansa. In aka ƙara wa kowannensu naira 1,500 a yini, jimla ta kama miliyan 18, wato ƙasa da kashi 4 cikin 100 na kuɗin aikin. Duk wanda ya san yadda kwangila ke tafiya a ƙasar nan ya san akwai ƙofofin da ke cin fiye da haka, ba tare da sun ɗora bulo ko ɗaya ba. Sannan kuɗin da aka hana lebura ba ɓacewa suke yi ba, wani ne ke biyansu. Mu da ke riƙe da rajistar aji mun san wanda ke biya. Shi ne yaron aji huɗu ko biyar da ke ɓacewa duk ranar da ake zuba kankaren bene, don abin da uban ke kawowa ba ya kai gida ƙarshen mako. Ita ce yarinyar da aka ɗora wa talla lokacin da 'yan ajinsu ke biyan kuɗin jarrabawar fita. Ina amfanin a faɗaɗa ƙofar jami'a ta hanyar da za ta hana 'ya'yan masu ginin isowa bakinta?

Suka ta biyu ita ce, in lada ya hau, ɗan kwangila zai rage mutane ya kawo inji, waɗanda aka sallama kuwa sun rasa ko ɗan abin da suke samu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa ba mu ce a yanka ladan da ya fi ƙarfin hankali ba. Amma in aka bi wannan hujja har ƙarshenta, sai a ce a raba ladan biyu don a ɗauki ninki biyu, kowa ya koma gida da rabin ciki. Raba yunwa ga mutane da yawa bai zama ciyarwa ba.

Suka ta uku ita ce wariya. A Amurka an daɗe ana zargin cewa dokar 1931 ta taimaka wajen toshe wa baƙaƙen fata na kudu hanyar samun aiki. Mu ma abin na iya faruwa, a fake da kare 'yan gida a kori mai ɗora tayil daga Kwatano ko Togo, ko lebura daga Maraɗi, ko birkila daga Filato. Maganin wannan shi ne sharaɗin ya bi aiki, kada ya bi asali. Wanda duk ya ɗauki kwanon sarki a wannan wuri ladansa ɗaya, ɗan gari ne ko baƙo. In an yi haka, babu ribar da za a ci don an ɗauko baƙo saboda araharsa kawai, babu kuma dalilin ƙin sa in ya fi iya aiki.

Suka ta huɗu, wadda ta fi ciwo, ita ce a ƙasar nan doka ba ta aiki, za a rubuta a ajiye, ko ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Ba mu musanta ba. Amma wannan dalili ne na a sauƙaƙa tsarin yadda mai haƙƙi da kansa zai zama ɗan sandansa.

Abin da Za a Iya Yi

Majalisar gudanarwar kowace jami'a ba ta buƙatar jiran Abuja kafin ta fara. Da farko, tun kafin a yi tallar kwangila, a zauna da shugabannin magina da kafintoci da masu ɗaurin rodi a fitar da jadawalin lada, a sa shi cikin takardun da kowane mai nema zai cike. Ta haka gasar za ta koma kan iya aiki da tattali, tunda an cire gumin lebura daga abin da ake ragi a kansa. Ɗan kwangila mai tsoron Allah ma ya huta, domin a yanzu shi ne ke faɗuwa a gasa in ya ce zai biya da kyau. Na biyu, a manna jadawalin a ƙofar wurin aiki da Hausa, boko da ajami. Na uku, a riƙa rubuta sunan duk wanda ya yi aiki, a biya shi kowane mako ya sa hannu ko ya dangwala, kuma kada a saki kason ɗan kwangila na gaba sai ya nuna wannan rajista. Na huɗu, babban ɗan kwangila ya ɗauki alhakin masu jingarsa, in heluma ya gudu da kuɗin mutane a cire daga abin da aka riƙe masa. Na biyar, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya domin wanda ya ji rauni. A tabbatar sunan lebura ya shiga, don kada wanda ya faɗo daga bene a sallame shi da kuɗin mota da "Allah Ya sawwaƙe."

Kammalawa

Me ya sa muka ware jami'a, alhali hanya da asibiti ma gwamnati ke ginawa? Domin jami'a ce ke koyar da shari'a da tattalin arziki da tarbiyya, kuma ɗalibi yana koyo daga abin da ya gani ta taga fiye da abin da ya ji a lacca. Haka kuma malamanta sun fi kowa sanin zafin a tauye lada. Sun yi wata tara suna yajin aiki a 2020, suka yi wata takwas a 2022, kuma kamar yadda muka faɗa tun farko, yajin aikinsu ne ya haifi asusun da ake ginin da shi. Wanda ya san zafin abu a jikinsa, shi ya fi cancanta ya yi magana in ya gan shi a jikin maƙwabcinsa. Mu malaman sakandare ma da ke ƙorafin albashi dare da rana, wannan magana ta hau kanmu.

Daga ƙarshe, sai mu juyo gare mu marubuta. A Zariya har yau akwai unguwar Babban Gwani, mai ɗauke da laƙabin Muhammadu Durugu, maginin da ya gina masallacin Juma'ar birnin a ƙarni na 19. Magabata sun san darajar mai gini har suka adana sunansa. Mu kuwa littattafanmu cike suke da Alhaji ɗan kwangila, da motarsa, da gidansa mai bene, da yarinyar da yake nema, amma da wuya ka ga an ba leburansa ko shafi ɗaya. Ga labari nan a bakin titi kullum safiya, mutum ne da sunansa da garinsu da gonar da ya baro. Mu je mu zauna da shi, mu tambaye shi nawa aka ba shi jiya, nawa ya kai gida, nawa yake bi. Abin da aka rubuta aka karanta a rediyo da zaure, shi ne gobe ake jin kunyar aikatawa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙauyukanmu, Ya sa mu fita haƙƙin duk wanda ya yi mana aiki, amin.